Murfin da Mashudatu Ta Hana a Rufe

Mashudatu taubashiyata ce, 'yar kawuna, ƙanin mahaifiyata Mma. Tun tana 'yar mitsitsiya aka kawo ta gidanmu na unguwar Zogbeli a Tamale riƙo, kamar yadda aka saba a nan, yarinya ta tashi a hannun goggonta. Ranar da aka kawo ta kajin gidanmu suka daina ƙwai har mako ya zagayo. Ita ta ce ƙarya nake yi. To, kajin sun mutu, ba mai shaida sai ni.

Tun tana ƙarama ba ta ganin abu a rufe ta bar shi. Ta taɓa kwance rediyon Baba don ta ga mutumin da ke karanta labarai da Dagbanci a ciki. Ba ta same shi ba, ta mayar da komai, kusoshi suka ragu cike da tafin hannunta, amma daga ranar rediyon ya fara kamo tashoshin da ko mai shagon da ya sayar da shi bai san da su ba. Baba ya ɗauko bulala, ya ji ana wa'azi daga wata ƙasa, ya ajiye bulalar ya zauna saurare.

Ni da boko mun rabu lafiya tun da wuri, ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Ita kuwa ta zarce ta gama sakandare, ta shiga wani shagon buga takardu kusa da kasuwar Aboabo. A nan yatsunta suka koyi gudu. In tana bugu sai ka ɗauka ruwan sama ne a kan kwano. Daga can ƙungiyar masu madara ta ɗauke ta sakatariya, kuma a nan ne ta haɗu da abin da ya hana ta barci mai daɗi shekara da shekaru.

Ga yadda aikin yake. Matan rugagen da ke bayan Gbalahi suna tatsa da asuba. Masu yogot da masu wagashi, wato cukwi, da masu burkina, wato fura da nono irin ta nan, kuma suna cikin gari. A da, mace za ta ɗauko madara ta shigo tana bi ƙofa-ƙofa, wannan ya ce yau ya ƙoshi, wancan ya ce da kin zo ɗazu. Ranar Tamale kuwa ba ta da kunya, kafin hantsi ya dubi ludayi madara ta juya, sai a koma da ita ruga ana tsaki. Sai ƙungiya ta samo wani saurayi, Saeed, ya rubuta musu wani shiri na kwamfuta. Masu saye su tura saƙo da yamma, kowa ya faɗi galan nawa yake so. Shirin ya tattara, ya raba, da asuba ya kira kowace mai madara a wayarta ya gaya mata inda za ta kai. Da yake yawancinsu ba su damu da karatun saƙo ba, muryar Mashudatu aka ɗauka, tana faɗin sunaye da lambobi ɗaya-ɗaya, shirin yana harhaɗawa. Murya mai sanyi, mai ladabi, wadda ni dai ban taɓa jin ta yi mini magana da ita ba.

Shirin yana zaune ne a cikin wani baƙin akwati a sito na ofishin ƙungiya a Sagnarigu. Saba suke ce masa. Ba shi da allo, ba shi da madannai, sai 'yar fitila kore da ke ƙiftawa, da batirin sola a gefensa saboda dumso, wato ɗaukewar wuta. Ni Alhaji nake ce masa, don yana zaune wuri guda, ba ya magana, kuma kowa shi yake nema. Mashudatu ba ta zuwa wajensa. Daga laftof ɗinta take buɗe wata baƙar taga, ta buga kalmar sirri, sai ga ta a cikin Alhaji, ko tana ina a duniya. A cikin tagar nan take tayar da shirin, sai rubutu ya fara gangarowa layi-layi, kowane saƙo da ya shigo, kowane kira da ya fita.

Ranar da Saeed zai tafi Kumasi, inda ya sami aiki, ya nuna mata tagar da yatsa ya ce, "Sista, kin ga wannan? In kin tayar da shirin, kada ki rufe ta. In ta rufu, shirin ya mutu." Ya faɗa ya hau mota. Da a ce ya ƙara ko jimla ɗaya, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Yadda ta bayyana mini daga baya, Alhaji yana ɗaukar shirin ne a matsayin baƙon Mashudatu. Muddin tana zaune, a bar shi ya yi aikinsa. Da zarar ta tashi, ko layi ya yanke, sai a ce masa, wadda ta kawo ka ta tafi, bi ta. Shi ke nan, sai ta dawo ta sake shigo da shi.

To, Mashudatu ta ɗauki maganar Saeed kamar wasiyyar mamaci. Ta yanke rabin tsohon silifa ta cusa tsakanin allo da madannai don kada murfin ya faɗo. Ta ɗaure wayar da ke ba shi intanet a jikinsa da roba. In za ta fita, ta sa shi a kwandon gaban babur a buɗe, yana kallonta tana kallonsa. Duk Tamale an san ta. Masu yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, suna ba ta hanya, wai ga mai talabijin nan tafe. Ranar aurenta da Abdul-Manan, telan Sagnarigu, amarya tana zaune an lulluɓe ta, laftof yana gefenta a buɗe a kan matashi. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta gaishe shi, ta ce Allah ya ba da zaman lafiya. In natwok ya yanke kuwa, ko tana tsakiyar cin tuwo ne, za ta wanke hannu ta sake shiga ta tayar da shiri. Kullum kafin kiran assalatu ta farka ta leƙa. Abdul-Manan ya ce mini shi bai taɓa sayen agogo ba tun da ya yi aure, hasken allo ne ke tashinsa.

Na ce mata, "Ke, wannan abin ko jaririn akuya ai an yaye shi."

Ta ce, "Zubeiru, kai da ko akuyar ba a taɓa ba ka kiwo ba."

A haka aka tafi har ta sami ciki. Da ya shiga wata bakwai, aka dawo da ita gidanmu goyon ciki, tunda na fari ne. Ta sauko daga yalo-yalo da ƙyar, ciki a gaba, laftof a kan cikin, a buɗe. Mma ta dube su su biyun ta ce, "Sannunku da zuwa."

Mma Lamisi kuwa, wato mahaifiyata, tana da doka ɗaya da ta gada daga kakanninta: ba a barin abu a buɗe in magariba ta yi. Da ladan ya ɗaga murya za ta zaga gida. Randa, a rufe. Kwanon miya, a rufe. Bokitin wanka, kwalbar man kaɗe, buhun masara, duk a rufe, da bisimilla a bakinta. In kana hamma lokacin, ka yi sauri ka gama, in ba haka ba za ka ji faifai a fuskarka. Kun ga ke nan an haɗa mace da ba ta rufe abu da mace da ba ta barin abu a buɗe, a gida ɗaya.

Yammacin farko, Mashudatu ta yi alwala ta shiga salla. Mma ta zo zagayenta, ta ga wani abu a kan tabarma ya wangale baki, har da silifa a ciki. Ta zare silifar ta wurga bayan ɗaki, ta ce bisimilla, ta danne murfin, ta ɗora masa zane. Mashudatu kuwa cikin ya riga ya yi mata nauyi, ta ci abinci, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Karon farko cikin shekaru da ba hasken da ya dame ta, sai ta yi barci irin na wanda aka yafe wa zunubansa duka.

Da hantsi muna shan koko sai muka ji sallama. Rahimatu ce, shugabar matan ruga, doguwa, ba ta da yawan magana. A bayanta mata sun kai, a ƙirgena, dubu. Mashudatu ta ce su shida ne. Kowace da galan a ka.

"Dasiba," in ji Rahimatu, tana gaisuwar safe da Dagbanci.

"Naa," in ji Mma. "Lafiya da safen nan?"

"Lafiya muka zo tambaya. Waya ba ta yi kuka ba. Muka ce ko haihuwa ce ta zo."

Mashudatu ta fito tana murza ido, ta ga zane a kan laftof. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta buɗe, ta shiga, ta tayar da shirin, amma saƙonnin jiya duk sun wuce ba wanda ya karɓe su. Sai ta kama kiran masu saye ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Wasu sun riga sun sayi garin madara sun dama. Galan biyu suka juya a tsakar gidanmu muna kallo. Wata yarinyar mace cikin masu madarar ta buɗe nata ta shinshina, ta rufe. Rufewar nan ta fi zagi ciwo, na ga Mashudatu ta kasa haɗa ido da ita.

Bayan sun tafi ta ce, "Goggo, don Allah wannan kam kada a ƙara rufe shi."

"Ya kwana a buɗe? A gidana?"

"Ba abinci ba ne, Goggo."

"In ba abinci ba ne me ya sa madarar mutane ta lalace saboda shi?"

Aka yi sulhu. Mma ta yarda ba za ta danne murfin ba, amma za ta kifa masa babban kwandon wanki. Haka aka yi ta yi. Magariba ta yi, a kife laftof, Alhaji ƙarami, da kwando, haske yana fitowa ta ramuka kamar an kama wata an tsare.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, don ciki yana ta gangarowa. Wata rana da la'asar Mma tana tsinkar ayoyo, wato ganyen lalo, Mashudatu tana gefenta ƙafafu a kumbure, ido a kan allo. Mma ta ce, "Ni fa ina da tambaya. Ranar naƙuda wa zai riƙe miki wannan? Ko da shi za ki shiga, ungozoma ta karɓi biyu?"

Mashudatu ta shafa cikinta. Na san ta daɗe tana wannan tunanin, don na sha ganinta tana shafa ciki tana kallon rubutun nan da ke gangarowa. Abdul-Manan tsoron laftof yake ji kamar maciji. Saeed ya canza lamba. Ba kuma kwana ɗaya ba ne, akwai asibiti, akwai wankan jego, akwai jariri mai kuka. Kowace asuba da tagar ta rufu ba ta sani ba, madarar gidaje ce za ta zube.

Na ce, "Ga ni. Ni zan yi gadi."

Suka dube ni tare, suka ci gaba da maganarsu kamar kaza ce ta wuce.

Mma ta ce, "Wai shi abin da ke kiran matan nan, yana cikin wannan faifan ne?"

"A'a, yana Sagnarigu."

"To me ya haɗa wanda ke Sagnarigu da murfin da ke Zogbeli?"

"Haka aka ce mini, Goggo."

"Wa ya ce?"

"Saeed."

"Ɗan wa?"

Mashudatu ta yi dariya har cikin yana rawa. Amma tambayar ta zauna mata. Shekaru tana gadin tagar nan, ba ta taɓa tambayar ko dole ne ba, don wanda ya rubuta shirin da kansa ne ya faɗa. Washegari ta rubuta matsalarta a wani zauren waya na mata masu harkar kwamfuta, tana ta neman afuwa wai tambayar jahila ce. Kafin ta ajiye wayar wata ta amsa mata daga Accra da kalma ɗaya tal. Timoks, haka ta karanta mini. Na ce sunan maganin tari ne. Ta ce in tafi in nemi aikin yi.

Kwana biyu ko uku tana ƙarƙashin dalbejiya tana karatu a waya, tana gwadawa da wani ɗan shirin wasa da ba ya komai sai faɗin lokaci. Abin da na fahimta shi ne: Timoks ɗaki ne da ake ginawa a cikin Alhaji kansa. In ta tayar da shirin a cikin ɗakin, ya daina zama baƙonta, ya zama ɗan gida. Ta fita, ta rufe taga, layi ya yanke, ba ruwansa. In ta dawo, ta ƙwanƙwasa da kalma biyu, ɗakin ya buɗe, ta tarar da shi yana aikinsa, da duk rubutun da ya yi a bayanta. Ta sa wa ɗakin suna madara. Ta kuma bar wa Alhaji umarni, ko da batiri ya ƙare ya mutu, in ya farfaɗo ya fara gina ɗakin nan ya tayar da shirin kafin ya yi komai.

Ta zaɓi tsakar rana don gwajin gaske, lokacin da ba mai turo saƙo ba mai jiran kira. Ta kashe shirin da hannunta, abin da ba ta taɓa yi da gangan ba. Ta shiga ɗakin madara, ta tayar da shi, rubutu ya fara gangarowa. Saura rufe murfi. Ta ɗora hannu ta ɗauke. Ta sake ɗorawa ta ɗauke. Gumi ya keto mata kamar mai daka.

"Goggo, zo ki rufe mini."

Mma tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni? An ce kada in taɓa. Kuma magariba ba ta yi ba."

"Zubeiru..."

"Ni ai ko akuya ba a ba ni kiwo."

Ta harare ni, ta ja numfashi, ta ce bisimilla, ta danne. Ɗan ƙaran da murfin ya yi, wallahi har tsuntsayen dalbejiya sai da suka yi shiru. Ta zauna hannu a kan ciki. Na ɗauki wayata na tura saƙo kamar ni mai yogot ne, galan ɗari tara. Muka jira Mma ta gama tankaɗe. Sannan Mashudatu ta buɗe, ta shiga, ta ƙwanƙwasa. Ga rubutu yana tafiya abinsa, ga odata ta galan ɗari tara a tsakiya.

"Wane mahaukaci ne wannan?" in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. Ta goge odar tawa ba ko godiya.

Kada ku ɗauka daga nan ta huta. Ta koyi shiga ɗakin ta waya ma, sai leƙen ya ƙaru. Ta rufe, ta buɗe. Ta kwanta, ta tashi ta duba. Da asuba har yanzu tana farkawa ta zauna ta ga kira na fita ɗaya bayan ɗaya, kamar uwar da ɗanta ya iya tafiya amma tana bin bayansa da hannu a shimfiɗe. Shirin bai taɓa kwana shi kaɗai da gaske ba.

Naƙuda ta zo ranar wata Talata da la'asar. Ana ɗora ta a yalo-yalo tana cewa a miƙo mata laftof. Mma ta sa shi a ƙarƙashin gado ta kulle ɗaki. Wayar ma ta karɓe ta ƙulle a bakin zane. Mashudatu ta kama hannuna ta matse har na ji ƙashi ya yi magana.

"Zubeiru, da safe ka je hanyar Gbalahi. Ka tsaya ka gani. In ba a kira su ba, ka tare su kada su shigo gari a banza."

Haihuwar fari ce, ta ja. Na yi sallar asuba a masallacin kusa da asibiti, har lokacin ba labari, sai muryarta da ke fitowa ta taga tana ambaton sunan Abdul-Manan da wasu kalmomi da ba zan rubuta ba. Na hau babur na nufi hanyar Gbalahi. Na tsaya a mararraba wajen mai koko, gari yana wayewa, shanu suna ƙetare titi a hankali. Ina ta leƙen hanya, ni da ba madarata ba.

Sai ga su. Ta farko a bayan babur, galan biyu a ɗaure, ta wuce ni ta karya kwana ta nufi Sagnarigu ba ko waiwaye. Ta biyu da ta uku suka miƙe cikin gari. Ba mai tsayawa tambaya, kowace ta san ƙofar da za ta. Rahimatu ce ta gan ni ta sa aka tsaya.

"Me kake yi a nan da sassafe?"

"An kira ku?"

"An kira mana. A kan lokaci. Ta ce in kai wa Yidana mai wagashi galan uku, har da Allah ya ba da sa'a."

"To, mai muryar tana asibiti tun jiya, kuma ba Allah ya ba da sa'a take cewa ba."

Rahimatu ta rufe baki da hannu. Ta ce in jira ta sauke wa Yidana, mu tafi tare.

Muna isa muka tarar da Mma a baranda tana goge fuska, Abdul-Manan yana zaune a ƙasa yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka buga wa sanda a ka. Mace aka samu. Da aka bar mu muka shiga, Mashudatu tana kwance, leɓe a bushe, jaririya a gefenta ja wur, da gashi kamar na malamin makaranta. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ga Rahimatu a bayana ba galan a kanta.

"Duka?" Abin da ta iya cewa ke nan.

"Duka," in ji Rahimatu. "Ko ɗigo bai koma ruga ba. Barka da arziki."

Mma ta kwance bakin zane ta miƙo mata wayar. "Ungo, leƙa, kada ki ce na hana ki."

Mashudatu ta dubi wayar, ta dubi jaririyar da ta fara motsa baki tana neman nono. Ta ce, "Riƙe mini, Goggo. Sai anjima."

Na leƙa fuskar yarinyar da kyau na ce, gaskiya hancin nan na gidanmu ne, Allah ya taimake ta bai ɗauko na uwarta ba. Mashudatu ba ta da ƙarfin tashi, sai ta ce wa nas, "Sista, don Allah a fitar mini da wannan."